Kakar Ƙarshe ta Ozell Dunmore

Tallow Bend, Mississippi
Janairu, 1985

Ɗana Ozell,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kai da Renetta da 'yan matanku kuna lafiya, sanyin Ohio bai daskarar da ku ba. Mu nan ƙalau muke, sai tsufa da ke ta leƙo ni ta taga. 'Yata Verlene ba ta samu zuwa Kirsimeti ba, mura ta kwantar da ita a Memphis, ta ce sai an yi dogon hutun makaranta. Rufin coci yana nan yana yoyo, Fasto yana nan yana cewa za a gyara.

Na ji abin da ya faru ranar Lahadi a wasanku na ƙwallon Amurka. A shagon aski ba a wata hira sai ita. Hosea mai aski ya tsaya da almakashi a hannu yana bayani, wai ƙwallo ta zo maka har ƙirji a bayan layin ci, babu kowa kusa da kai, ka bari ta faɗi. Na ce masa, "Hosea, kai da ko kan jariri ba ka iya daidaitawa, yau kai ne koci?" Aka yi ta dariya, ni kuwa na ɗauki hulata na dawo gida.

Tun ranar nake ta tuna fegin nan na bayan injin gurzar auduga. Kana ɗan shekara bakwai, duk jikinka kunne ne da gwiwa. In na taso daga tuƙin motar makaranta sai in same ka zaune a kan dakali da tsohuwar ƙwallon nan da mai gyaran takalma ya ɗinke mana. Ina jefawa, kana gudu, karen gidan Fasto yana bin ka, har sai duhu ya hana mu ganin juna. Uwarka Yaya Ardella, Allah ya ji ƙanta, takan fito da ludayi a hannu ta ce in na karya mata yaro ni zan riƙa tsinkar masa audugarsa. Ba ta taɓa yarda wasa ne na mutanen kirki ba. Amma daren da ka ci sau uku a makarantar sakandare, ita ce ta fi kowa ihu, har hular cocinta ta faɗa cikin taɓo.

Ka tuna ranar da aka zaɓe ka shiga babbar ƙungiyar ƙwallo? Gidanmu babu waya, duk unguwa ta taru a falon Fasto tun safe, an soya tarwaɗa, an toya burodin masara, an ci an sake ci, waya ba ta yi ƙara ba. Da ta yi, kowa ya ɗauke numfashi. Kana magana da manyan mutane, uwarka na jan rigarka tana cewa ka tambaye su ko akwai coci a garin.

Ni dai yanzu na daina kallon wasanka. Talabijin ɗin da ka saya mini na bai wa iyalin Fasto, ba ta da sauran amfani a wurina. Abin da na gani a baya ya ishe ni, shi nake juyawa a raina.

Ka gai da Renetta, ka shafa mini kan yaran.

Kawunka,
Purvis

*

Dayton, Ohio
Fabrairu, 1985

Kawu,

Na samu wasiƙarka, na gode. Muna lafiya. Ƙaramar ta fara famfara, babbar ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci. Ni ma lafiyata lau.

Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, na shiga gida na sake karantawa. Duk abin da jaridu suka rubuta a kaina na haɗiye. Wani ya zo ya jibge kwalin man shanu a ƙofar gidanmu, wai da shi na shafa hannu ranar, na yi dariya na kai wa Renetta kicin. Amma ban taɓa zaton kai za ka ba da talabijin ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ba ka tambaya ba. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, suna gabanmu da maki huɗu. Na yi wa mai tsarona kamar zan shiga ciki, ya bi, na fita waje. Kai ka koya mini wannan. Na waiwaya, ƙwallo na tahowa cikin dusar ƙanƙara, jifa mai kyau, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Na ji ta taɓa ni, sai kuma na gan ta a ƙasa tana juyawa. Filin da yake cike maƙil ya yi tsit har ina jin numfashina a cikin hular kwano. Da na cafke ta da mun je wasan ƙarshe, wanda ban taɓa zuwa ba, kuma kai ma ka san ba zan sake kusantarsa haka ba.

Kakar wasa goma sha ɗaya, Kawu. Ƙwallo sama da ɗari shida na cafke, sau huɗu ana saka ni cikin gwanayen shekara. Duk mako wasiƙarka na zuwa da kurakuraina, ka ɗaga kai da wuri, ka taka da ƙafar da ba ita ba, ka ji tsoron ƙaton nan. Ban taɓa jin haushi ba, don na san akwai mutum ɗaya a duniya da yake kallona ni kaɗai a cikin mutum ashirin da biyu. Yanzu ƙwallo ɗaya ta faɗi, ko faɗan ma ban samu ba, sai labarin fegin auduga, kamar wanda ake yi wa ta'aziyya.

Ƙungiyarmu ta kira ni ta ce ba za ta sabunta kwantiragina ba. Sun yi maganar cikin mutunci. Da ma ni da Renetta mun yi shawarar in ajiye bana. Amma wata ƙungiya daga yamma ta nemi in yi mata shekara ɗaya, jiya na sa hannu. Renetta ba ta yi mini magana tun daga lokacin. Ba zan yarda abin da ka gani na ƙarshe a wurina ya zama ƙwallo a ƙasa ba.

In ka ga dama ka kalla, in ba ka ga dama ba shi ke nan.

Ozell

*

Sansanin atisaye
Yuli, 1985

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, zafin bana bai takura maka ba. Renetta ta huce, tana gaishe ka. Ni ƙalau.

Wata biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Na ɗaga waya zan kira gidan Fasto a kira mini kai ya fi a ƙirga, sai in ajiye. Na san halinka, ka san nawa, jini ɗaya ne. In maganata ta Fabrairu ta yi kaifi, ka yi haƙuri. Amma shirun nan ya fi talabijin ɗin ciwo.

Nan atisaye sau biyu a rana, rana kamar za ta narka mutum. 'Yan wasan duk yara ne, Baba suke ce mini. Ɗaya ya ce hotona ne a bangon ɗakinsa tun yana firamare, na rasa ko godiya zan yi ko in mare shi. Sun fi ni gudu, ba na musu. Abin da na fi su shi ne na san inda ƙwallo za ta sauka tun ba a jefa ba.

Kwanciya a irin wannan ɗaki ta sa ina tuna sansanina na farko. Ban taɓa kwana nesa da kogi haka ba. Abincinsu babu barkono, babu kuɓewa, manyan 'yan wasa suna sa ni in hau kujera in yi musu waƙa. A mako na biyu na haɗa jakata na tafi tasha. Ina tsaye a layin tikiti na tuna fuskarka in ka gan ni na sauko daga mota a Tallow Bend, na juya. Ban taɓa gaya maka ba don ba abin faɗa ba ne, kai ma na san ka sani.

Ina tuna shekarar saba'in da takwas, da na cafke waccan ƙwallo ina sama, mutum biyu rataye a jikina, jaridu suka buga hoton. Ka rubuto ka ce hoton ya yi kyau amma igiyar takalmina a kwance take. Ina tuna makon da Mama ta rasu. Bayan an rufe ta na ce ba zan koma ba sai bayan wata guda. Ka zaunar da ni a cikin motar makaranta babu kowa, ka ce ita ba ta taɓa fashin aiki don baƙin ciki ba. Na koma, na yi wasan da ya fi kowanne a rayuwata, ina kuka a cikin hula ba wanda ya sani.

Ina kewar gida, Kawu. Ina kewar warin ƙasa in an yi ruwan farko, da tarwaɗar ranar Juma'a, har da surutun Hosea. Ko layi biyu ne ka rubuto, ko zagi ne.

Ɗanka,
Ozell

*

Tallow Bend
Agusta, 1985

Yaya Ozell,

Gaisuwa gare ka, da Renetta da 'ya'yana. Ni lafiya nake. Baba kuwa ba lafiya ba, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan, don haka ka zauna kafin ka ci gaba, babban gwani, mai fushi da makaho.

E, abin da na rubuta ke nan. Baba ba ya gani. Ciwon suga ya cinye masa ido. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Likitan Greenville ya ce abin ya daɗe yana tafiya, da an zo da wuri da an tare wani abu.

Na zo gida ƙarshen watan jiya. Na ga ciyawa ta rufe motarsa, ya ce mai ya yi tsada. Na ga ya daina zuwa shagon aski, ya ce Hosea ya cika ƙarya. Gidan kuwa ya haddace shi, yana yawo a ciki kamar kowa, sai da na yi kwanaki ban gane ba. Wata safiya na matsar da kofinsa don in goge tebur, ya zo da buta ya tsiyaya kofi a kan katako, yana yi mini hira, har ya zubo masa a ƙafa. Na tsaya ina kallonsa, shi ma ya tsaya. Ya ce, "To, kin gani. Ni ban gani ba." Matar Fasto kaɗai ta sani, ita ke aiko masa abinci, ya rantsar da ita kada ta faɗa.

Ƙwallon da ta faɗi ɗin nan da kake ta kashe kanka a kanta, bai gan ta ba. Tun tsakiyar kakar bara ba ya ganin komai a talabijin sai launi na motsi. Yana zaune a gabanta yana saurare ne kawai. Wasiƙar Janairu da hancinsa a kan takarda ya rubuta ta, ita ce ta ƙarshe da ya iya. Taka ta Fabrairu tana aljihun rigarsa tun ranar da ta zo, ta yi laushi kamar tsumma. Ya buɗe, ya kasa karantawa, ya kuma ƙi kai wa kowa don kada gari ya ji. Shi a zatonsa labarin ajiye ƙwallo ne a ciki, don Renetta ta taɓa ce masa bana za ka huta. Yana ta jin daɗinsa.

Na karanta masa duka biyun, ita da ta Yuli, a baranda. Da na zo wurin man shanu ya yi dariya har da tari. Da na zo wurin da ka ce ka sa hannu don kada abin da ya gani na ƙarshe ya zama ƙwallo a ƙasa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi ta murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Wato ni na mayar da shi." Ranar bai ci abinci ba.

Ku biyun nan kun ishe ni. Ɗaya ya gwammace ya mutu da ya ce ba ya gani, ɗaya ya gwammace ya karye da ya ɗaga waya. Na nemi a dawo da ni koyarwa a makarantar nan garin, sun yarda, don haka ina nan tare da shi, ina faɗa da shi a kan sukari.

Ka rubuto masa. Ni zan karanta, kuma ba zan tsallake komai ba.

Verlene

*

Sansanin atisaye
Agusta, 1985

Kawu, da ke mai karantawa,

Ba zan tambayi lafiya ba, na ji. Ni ma ba ni da bakin cewa komai sai dai ka yafe mini. Na koma na karanta wasiƙarka ta Janairu, na ga haruffan manya-manya, layuka suna gangarawa kamar za su faɗo daga takardar. Cewa ka yi ka ji abin da ya faru, ba ka ce ka gani ba. Duk yana nan a gabana, fushi ya hana ni lura.

Gobe zan je in sami koci in ce a sallame ni. Akwai babban likitan ido a Cleveland, Renetta ta riga ta yi magana da su. Zan zo in ɗauke ka da kaina, ko kana so ko ba ka so. Ba ni da sauran abin da zan yi a nan. Wanda na zo yi dominsa ba zai gani ba.

Verlene, kin ce mini mai fushi da makaho, na karɓa. Amma ki sani tun kina goye kike da wannan bakin.

Ozell

*

Tallow Bend
Satumba, 1985

Ɗana,

Ina gaishe ka da iyali. Ni da sauƙi, ana yi mini allura kullum, an hana ni duk wani abu mai daɗi a duniya. Verlene ce ke rubutu, ni ke faɗa, in ka ga wata magana ta rashin kunya ba tawa ba ce.

Na ji daɗi da matar Fasto ta same ka a waya kafin ka je wurin koci. Abin da ta gaya maka shi ne maganata, ina ƙara maimaitawa a takarda. Ba za ka bar mutane a bakin kaka ba. Sun ba ka riga, sun tsara wasa da kai. Ko da wane dalili ka sa hannu, hannunka ne. Likitan Cleveland ba gudu zai yi ba, idon nan kuma ba ƙwallo ba ne da za ka ruga ka taro shi.

Ba ka da laifin da zan yafe. Ni na rubuta rabin magana na bar ka da sauran.

Yanzu ina da rediyo, Verlene ta ɗaura mata waya har kan rufi, in iska ta yi kyau muna kama tasharku. Na ji wasan farko. Mai sharhin yana da mura kuma bai san ƙwallo ba, amma da ya ce Dunmore ya fita waje, na san da wace ƙafa ka taka. Ashe ba ido kaɗai ke kallo ba. (Ya yi tsalle ya ture mini kwanon wake. Verlene.)

Zaman nan ya sa ina tuna nawa zamanin, wanda ban cika ba ka labari ba. A makarantarmu ta baƙaƙe ni ne mai jefawa. Hulunanmu na fata ne, waɗanda makarantar farare ta gama da su, rigunan ma nasu ne, uwayenmu suka rina da shuni don a ce namu ne. Filinmu makiyaya ce, kafin wasa sai mun kore shanun Mista Gaddis mun kwashe abin da suka bari. Amma daren Juma'a duk wanda ke da mota yakan zo ya kunna fitila a gefen fili, 'yan mata suna waƙa, ana sayar da gyaɗa dafaffiya. Ina iya jefa ƙwallo yadi sittin a lokacin. Ba wanda ya zo daga ko'ina ya gani, kuma ban ce an cuce ni ba, haka zamanin yake. Da na ga yadda kake bin ƙwallo da ido kana ƙarami, na ce to, ga inda jifana zai sauka.

Verlene ta duba jadawali, ta ce kuna da wasa a New Orleans cikin Disamba. Shekarun nan duka kana aiko mini tikitin jirgi ina mayarwa, don ni ba tsuntsu ba ne. Wannan kuwa mota na zuwa. Ka samar mana kujera biyu kusa da fili.

Kawunka,
Purvis

*

Tallow Bend
Disamba, 1985

Ɗana Ozell,

Mun iso gida lafiya, sai gajiya da ciwon baya, don Verlene tana tuƙi kamar 'yan sanda na bin ta. Ina fata kun sauka lafiya, Renetta da yara sun koma Dayton ba wahala. Ka ce wa ƙaramar haƙorinta da ta ba ni yana nan a aljihuna.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Ƙara tana shiga mutum ta tafin ƙafa. Verlene ce ya kamata ta zama idona, amma duk abin da take cewa shi ne wani ya faɗi, wani ya hau kansa. Allah ya taimake ni da wani mutumin Louisiana a gefena, mai warin albasa, ya ɗauki aikin. Yana zagin ku yana ba ni labari. Da ka cafke ta uku ya ce tsohon nan ya ƙi mutuwa. Na ce masa ni na haife shi, ko kusa da haka. Ya saya mini lemo, Verlene ta ƙwace.

Amma ba wannan nake so in gaya maka ba. Waccan da ka cafke a tsakiyar fili, kusa da inda muke, na ji lokacin da mutumin ya same ka. Talabijin ba ta taɓa kawo mini wannan ƙarar ba. Kamar an saki buhun masara daga kan rufi. Na ji iskar da ta fita daga ƙirjinka. Jama'a suna tafi, ni ina riƙe da hannun Verlene ina tambaya ko ka tashi. Ta ce ka tashi, kana ɗingishi, ka koma layi.

Bayan an tashi, da aka kai mu inda kuke fitowa, ka ce "Kawu" ka miƙo mini hannu. Ka ji na riƙe na ƙi saki. Ɗana, ban san hannun nan ba. Ƙaramin yatsa ya kalli gefe. Biyu ba sa lanƙwasawa. Gaɓoɓin kamar an cusa tsakuwa a cikin fata, zoben aurenka ya nutse ba zai taɓa fita ba. Na laluba ɗayan, ya fi wannan muni. Na tambaye ka tun yaushe, ka yi dariya ka ce aiki ne. In ka zo gida hutu kullum hannunka na aljihu ko yana riƙe da yaro, ni kuwa idona na kan ƙafarka ina neman kuskure. Ina da ido biyu lafiyayyu shekara da shekaru ban gani ba.

A wurin cin abinci, da ka tashi, na tambayi Renetta. Ba ta so faɗa ba, na matsa mata. Ta ce duk Litinin ita ke saka maka maɓallin riga. Ta ce gwiwar hagu sai an zuƙe mata ruwa an yi mata allura kafin ka shiga fili, kuma da baya kake saukowa daga bene. Ta ce ranar dusar ƙanƙarar nan yatsunka biyu a karye suke tun makon da ya gabata, ka hana a faɗa. Duk wasiƙar da ka rubuto mini, lafiyata lau, ni ƙalau.

Da ka dawo ka ce koci ya yi maka tayin ƙarin shekara, ka zauna kana jira. Na ji kowa ya ajiye cokali. Ban amsa ba, na ce a miƙo mini ruwa, don in na buɗe baki a lokacin zan ba ka kunya a gaban 'ya'yanka. Ga amsar yanzu.

Ka ce musu a'a. Ka yi wasa biyun da suka rage, ka kiyaye kanka a tsakiyar fili, in ƙwallo ta yi sama da yawa ka bar ta ta wuce, ni na ce. Ban taɓa gaya maka wannan ba, ina jira ka gama, sai na ga in na ci gaba da jira ba za ka gama ba: ban taɓa ganin wanda ya fi ka ba, a talabijin ko a fili, fari ko baƙi. Ba ka da sauran abin da za ka nuna mini.

In an rufe kaka ka zo ka kai ni wurin likitan naka. Ka gaya masa mutum biyu ne za a duba, ni ido, kai gwiwa, kuma ba zan hau gadonsa ba sai na ji ka hau naka.

Kawunka,
Purvis